Maƙogwaro Ɗaya, Likitoci Uku

Limawa, Minna.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa jirgi ya sauke ka Kano lafiya, ya haɗa ka da abokan zama na kirki da malamai masu haƙuri, ya tsare ka daga zazzaɓi da sharrin baƙon wuri. Wannan takarda na ba Innarka ta saka maka a ƙasan akwati, ƙarƙashin bargo. Na san ba za ka gan ta ba sai dambun naman da ke sama ya ƙare, wato sai ka fara kewar gida, kuma lokacin nake so ka karanta ta.

Ka san ni da surutu. Amma na san abin da zai faru gobe a tasha: za mu tsaya kamar baƙin juna, in ce Allah ya kiyaye hanya, ka ce amin, in gyara hula, kai kuma ka dubi ƙasa. Haka uba da ɗan fari suke, ba mu muka fara ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ba labarin gida zan ba ka ba, a cikinsa ka tashi, ka san komai. Tunda aikin likita za ka koya, akwai abin da ya same ni a hannun likitoci da nake so ka tafi da shi. Ka sha jin dattawan unguwa suna tsokanata da "Malam mai raɗa da ƙarfi". Ba ka taɓa tambaya ba saboda kunya, ni ma ban taɓa faɗa ba saboda ita. To ga asalin abin.

Shekarar da Innarka take da cikinka, ina koyarwa a elementare, a wani aji mai rufin kwano da ke dab da layin dogo. In ruwan sama bai buga kwano ba, kan jirgi yana kai da kawowa yana huci. Ni kuwa a lokacin ina ji da muryata. Ina alfahari da cewa in na ce "a yi shiru" a ajina, har ajin da ke ƙarshen baranda sai ya yi tsit. Maimakon in jira jirgi ya wuce, sai in yi gasa da shi. Da damina ta yi nisa murya ta fara dusashewa. Na ce mura ce. Ta ƙara dusashewa, na ƙara ɗaga ta. Wata safiya na buɗe baki zan kira sunayen yara, sai iska kawai ta fito, da wani ɗan ƙara kamar na tsohuwar ƙofa. Yara suka ƙunshe dariya. Hedimasta ya kira ni ofis, ya ce, "Malam Salihu, ina jin tausayinka, amma ba a koyar da aji da nuni. Ka nemi magani. In hutu ya ƙare babu murya, ban san abin da zan ce wa na sama da ni ba."

Ba aikin kawai na ji wa tsoro ba. Ni mutum ne da ban iya komai ba sai magana. Ba na noma, ba na ɗinki, ko akuya ban iya ɗaurewa da kyau ba. In aka ɗauke mini murya, ban san wanda zai rage a cikin rigata ba.

Maimakon asibiti, sai na nufi wurin Ndagi wanzami, Banufen Bida ɗin nan da ka sani, wanda har yau yake mini aski. Ya sa na buɗe baki a hasken rana, ya leƙa, ya kaɗa kai. Ya ce, "Malam, belu naka ne ya sauka, shi ya danne magana. In na cire shi, jibi kana kiran salla." Ya cire shi kuwa. Na yi kwanaki ko kunu ba na iya haɗiya sai da hawaye, murya kuma ko gezau. Ba zagin Ndagi nake yi ba, mutumin kirki ne, hannunsa kuma da sauƙi. Amma duk maƙogwaron da ya leƙa, belu yake gani, domin belu ya saba gani. Ka riƙe wannan, don ba wanzamai kaɗai abin yake samu ba.

Da wurin ya warke, sai maƙwabta suka haɗa mini nasu: citta, masoro, kanumfari, barkono da jar kanwa, a tafasa a sha da zafinsa. Ina sha gumi yana keto mini, ina cewa ai zafin nan shi ne aikin. Ranar da na haƙura zan je asibiti ma sai da na shanye moɗa guda kafin in fita, wai don in je da ƙarfina.

Babban likita a lokacin wani tsohon Bature ne da mutanen gari suke kira Mai Lofe. Ya daɗe a ƙasar nan, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya tambaye ni, "Ka sha wani magani?" Na girgiza kai alamar a'a. Kunya ce ta hana ni. Ina malamin boko, da alƙalami a aljihu, in ce na sha barkono da kanwa? Ya zaunar da ni a kujera, ya ajiye fitila a bayan kafaɗata, ya ɗaura wani madubi mai huda a goshinsa don ya maido da haske cikin bakina. Ya ɗauko wani ɗan madubi da bai fi farcen babban yatsa ba, a bakin siririn ƙarfe, ya ɗumama shi a kan wuta don kada numfashi ya rufe shi, ya gwada zafinsa a bayan hannunsa. Sannan ya kama harshena da ƙyalle ya jawo, ya zura madubin can ciki, ya ce in ce "iii".

Za a koya maka duk wannan, amma bari in faɗa maka yadda yake daga ɓangaren wanda aka riƙe wa harshe. Can ƙasan maƙogwaro akwai wasu jijiyoyi biyu farare, su ne suke haɗuwa su kaɗa murya ta fita. Ba a ganinsu kai tsaye, sai inuwarsu a ɗan madubin nan. Mai ciwo kuwa ba ya iya jurewa, da madubi ya taɓa can ciki sai kakarin amai ya taso. Duk abin da likita zai gani, cikin ƙiftawar ido zai gan shi, a wuri mai duhu, mai motsi, mai yawu. Daga wannan ɗan leƙen ne za a yanke wa mutum hukunci.

Mai Lofe ya leƙa, na yi kakari, ya sake leƙawa. Ya cire madubin goshinsa ya ajiye a hankali. Ya ce, "Malam, ciki ya yi ja ƙwarai. Akwai tsiro a jijiyar hagu, kuma ba na son kamanninsa. Ina tsoron mugun ƙari ne. Sai ka tafi Ikko a yanke." Na rubuta masa a takarda, muryar fa? Ya ce, "In sun yanke da yawa, rai zai tsira, amma magana sai dai raɗa har ƙarshen rayuwa." Na fito ban san ta inda na bi na iso Limawa ba.

Jan da ya gani, Abba, rabinsa barkonona ne. Ni na shafa wa wurin ja da hannuna, sannan na ɓoye masa. Don haka in mai ciwo ya zauna a gabanka ya ce bai sha komai ba, kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka yarda da wuri. Kada ka ce, "Ka sha maganin gargajiya?" da fuskar alƙali. Ka ce masa, "Da safen nan me ya wuce ta maƙogwaronka?" Ka ce, "Mutanen gida me suka haɗa maka? Mu ma a gidanmu ana haɗawa." Wanda bai ji za a raina shi ba, shi yake faɗin gaskiya.

Akwai wani likita na biyu a asibitin, saurayi Bayarabe da bai daɗe da zuwa ba, ana ce masa Ɗan Ikko. Na ce bari in gwada shi ko Allah zai sa a dace. Na sake shan haɗina, na je. Ko gama zama ban yi ba na miƙa masa takardar da na rubuto daga gida: babban likita ya duba ni, ya ga mugun tsiro a jijiyar hagu, ya ce a yanke. A ganina na taimake shi ne, na rage masa aiki. Ya karanta, ya ɗumama madubinsa, ya leƙa. Ya ɗago, ya ce, "E, kamar na gan shi. A hagu." Shi ke nan, na ce likita biyu sun faɗa, magana ta ƙare. Na dawo gida na sa Innarka ta fara haɗa mini kaya, tana haɗawa tana share hawaye da bakin zane, ga ciki ya tsufa.

Ana saura kaɗan in hau jirgi, da la'asar ina zaune a zaure, sai ga Ɗan Ikko a kan keke, yana tambayar yara gidan malamin da ba ya magana. Likita sukutum a Limawa, unguwa ta fito kallo. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a tabarma kusa da ni. Hausarsa ta kasuwa ce, amma na fahimce shi sarai. Ya ce, "Malam, maganarka ya hana ni sukuni. Ka ba ni amsa kafin na kunna fitila. Yanzu ni ban sani ba, ido na ne ya gani, ko kunne na ne ya gani." Yana cikin magana sai ya ja hanci, ya dubi moɗar da ke gefena tana tururi. Ya ce, "Wannan mene ne?" Na yi masa nuni da hannu cewa ba komai ba ne. Sai muryar Innarka daga bayan ƙofa: "Likita, barkono ne da kanwa. Kullum sai ya sha, har ranar da zai je wurinku." Ban taɓa jin haushinta kamar ranar ba, ban kuma taɓa cin amfanin bakinta kamar ranar ba.

Ka dubi abin da mutumin nan ya yi. Ba wanda ya kama shi da laifi. Ya yarda da babbansa, takarda ta tafi daidai, da an yanke ni a Ikko ba mai zuwa ya tambaye shi. Amma ya hau keke ya zo ya ce wa mai ciwo bai amince da idonsa ba. Ni a rayuwata ban ga jarumtar da ta fi wannan ba. Kuskuren nawa ne, ni na cusa masa magana a kunne. Kai kuma za a riƙa yi maka haka kullum: mai ciwo zai zo da abin da aka ce masa, takarda za ta zo da abin da wani ya rubuta, babba zai ce maka "zo ka ga tsiron nan" tun kafin ka leƙa. Ka kife takardar tukuna. Ka duba da idonka, ka ƙulla abin da ka gani a ranka, sannan ka buɗe ka ga abin da wani ya ce. In ka ji kafin ka gani, to mutum ɗaya ne ya duba, kai rakiya ka yi.

Ɗan Ikko ya je ya sami Mai Lofe, ban san yadda suka yi ba, amma tsohon ya yarda a sake dubawa. Akwai wani likitan reluwe da yakan zo daga Kaduna lokaci-lokaci ya duba ma'aikatan jirgi, suka ce a jira zuwansa a zama uku. Aka hana ni haɗina, daga ruwa sai kunu mai sanyi-sanyi. Ranar da aka sa, suka tsara abin haka: safiya ɗaya, kujera ɗaya, fitila ɗaya. Kowa zai shigo shi kaɗai ya leƙa, ya zana abin da ya gani a 'yar takarda, ya kife ta a tebur ya fita, ba mai ce wa wani uffan sai an gama. Likitan reluwe ko labarina ba a ba shi ba, an ce masa dai ga mutum murya ta dusashe. Ni kuma Ɗan Ikko ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai, Malam, hannunka a aljihu. Ba rubutu."

Suka gama, suka shigo tare, aka buɗe takardu. Mai Lofe ya zana tsiro a hagu, amma ƙarami, shi da kansa ya ce, "Ba haka na gan shi rannan ba." Ɗan Ikko ya zana 'yan ƙulli biyu, ɗaya a kowace jijiya suna kallon juna, ya ce kanta ce irin wadda fartanya take yi wa tafin hannu, ihu ne ya jawo ta. Likitan reluwe bai zana tsiro ko ɗaya ba. Ya ce kumburi kawai ya gani, kuma gaskiya bai ga gaban jijiyoyin da kyau ba, wani ɗan murfi na maƙogwaro ya tare masa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fizgi alƙalami na rubuta da manyan baƙaƙe, maƙogwaro ɗaya gare ni, ba uku ba. Na zo neman tabbas, an ba ni gardama. A zuciyata na raina likitan reluwe da ya ce bai gani da kyau ba, na raina Ɗan Ikko don yaro ne, na ce ni dai a ba ni takardata in tafi Ikko, maganar babba ita ce magana. Ka ji wauta: ni da kaina nake roƙon a kai ni inda za a yanke mini murya, don kawai na gaji da zaman rashin sani.

Mai Lofe ne ya hana. Ya juya lofensa a hannu, ya ce, "Malam, mu uku mun duba, ba wanda ya yi maka ƙarya, kuma ba mu ga abu ɗaya ba. Ni ma ban ga abin da na gani da farko ba. Ba zan aika ka wurin wuƙa a kan wannan ba." Ya ce in mugun ƙari ne, ko na yi shiru zai ci gaba da girma, kuma nan gaba kaɗan duk su ukun za su gan shi ba gardama. In kuwa kanta ce ko kumburi, hutu zai rage shi. Don haka in rufe bakina ruf, in riƙa zuwa ana leƙawa a kai a kai, ranar da abin ya ƙaru ko da kaɗan, a ranar zan hau jirgi.

Ka lura, ba cewa suka yi in je gida Allah ya sawwaƙe ba. Jira ne mai ranar dawowa. A kwanakin da nake zuwa an kawo wani mai sayar da goro da irin dusashewata, su biyu suka leƙa kowa daban, zanensu ya fito iri ɗaya, ba su bar shi ya kwana biyu a gari ba suka tura shi. Inda idanu suka haɗu, a yi sauri. Inda suka rabu, a sake dubawa. Kuma kada ka ji kunyar cewa "ban gani da kyau ba". Ni na raina wanda ya faɗi haka, daga baya na gane da ya cika bakinsa ya ƙirƙiro abin da bai gani ba don kada a raina shi, da yanzu da hannu nake yi maka sallama. Mai ciwo zai matsa maka ka ba shi tabbas, zai yi fushi kamar yadda na yi. Ka bar shi ya yi fushinsa, fushi yana wucewa, abin da aka yanke kuwa ba ya komawa.

Zaman shirun nan ba ƙaramin abu ba ne. Innarka ba ta karanta boko, saboda haka rubutuna bai amfane ni da komai a cikin gida ba. Duk gardamar da muka yi shekaru muna yi, a makonnin nan ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Takan zauna ta kawo magana, ta dube ni ta ce, "Shiru ka yi, Malam? To ka yarda ke nan." Bafulatanar da take kawo mana nono daga rugar wajen rafin Tagwai ta gaishe ni ban amsa ba, ta tafi tana cewa boko ya sa mini girman kai. A masallaci in an yi sallama sai in ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

Da abin ya ishe ni sai na samo dabara. Na ce ai magana aka hana ni, ba a hana ni raɗa ba. Na shiga yi wa Innarka raɗa, in rama abin da ta yi mini. Da na koma asibiti Ɗan Ikko ya leƙa ya ɗago, ya ce, "Malam, ka yi magana." Na girgiza kai da ƙarfina. Ya ce, "To ka yi raɗa." Na sunkuyar da kai. Ya ce raɗa ta fi magana wahalar da jijiyoyin, don matse su ake yi ana tura iska da ƙarfi, na mai da aikin baya. Ya ce, "Laifi na ne da ban faɗa maka ba. Daga yau ba raɗa, ko an sake ka ka yi magana, ba raɗa." In ka ba mai ciwo doka, Abba, ka bi ta ka toshe duk ƙofofinta, ka kuma gaya masa dalili. Mai ciwo ya fi ɓera iya neman rami, ni shaida ne.

Ina cikin wannan shiru aka haife ka. Ungozoma ta miƙo ka, aka ce uba ya yi wa yaro kiran salla a kunne. Na karɓe ka, na kai bakina kusa da kunnenka, na tuna ba dama. Na miƙa ka ga baffanka ya yi. Na fita bayan gida na yi kuka, ban ɓoye maka ba. A ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba: kada yaron nan ya girma bai san muryar ubansa ba.

Ana gobe suna likitan reluwe ya sake zuwa, suka sake zama irin na farko. Kowa ya shigo shi kaɗai, ya ja harshena, ya leƙa, ya zana, ya kife. Aka buɗe takardu uku aka jera su a tebur, kai ka ce mutum ɗaya ne ya zana: jijiyoyi biyu farare, sumul, suna haɗuwa tsaf, ba tsiro ba ƙulli. Mai Lofe ya yi dariya har da buga tebur, ya miƙa wa Ɗan Ikko hannu. Har yau ba wanda ya san wanda ya ga daidai a zaman farko, ko kanta ce ko kumburi ko wani abu dabam, kuma ba wanda ya damu ya ce shi ne. Na ji an ce tun daga lokacin, muddin su biyun suna asibitin, ba a tura kowa yankan maƙogwaro sai an yi masa wannan kallo na kowa shi kaɗai.

Suka ce in fara magana kaɗan-kaɗan, da muryar zance, ba ihu ba raɗa. Suka ce in gwada a gabansu. Na ƙi. Tsoro nake ji in buɗe baki iska ta sake fitowa. Na dawo gida bakina a rufe, na kwana a haka.

Da safe zaure ya cika, har waje an shimfiɗa tabarmi. An raba goro, rago yana ɗaure, Ndagi yana gefe yana wasa askarsa. Ka san al'ada: liman zai kawo kunnensa, uba ya raɗa masa sunan, shi kuma ya yi addu'a ya sanar. Sunan da na zaɓa kuwa na mahaifina ne, wanda bakina bai taɓa kamawa ba. Liman ya matso, ya kawo kunne. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: an hana ni raɗa. Ga baffanka a kusa, da na yi masa nuni da ya faɗa a madadina, ba wanda zai ce komai. Amma na riga na ba shi kiran salla, ban ga dalilin da zan ba shi wannan ma ba. Na ce bismillahi a zuci, na buɗe baki na faɗi sunan da muryar zance.

Ta fito, Abba. Ta fito garau, ta cika zauren, har ta fi ta da taushi. Liman ya zabura ya dafe kunne. Sai wani dattijo ya ce, "Yau ga raɗa da ƙarfi. Malam ya kama sunan ubansa da na ɗansa a baki ɗaya." Aka fashe da dariya, ana ta alhamdu lillahi, hedimasta ya rungume ni har hulata ta faɗi. Daga cikin gida muka ji guɗa ta tashi tun liman bai yi addu'a ba, ashe Innarka ta ji, ta gane muryar. Ndagi ya ɗaga askarsa ya ce, "Ban faɗa ba? Belu ne, ya ɗauki lokaci ne kawai." Na bar shi da nasararsa. Amma da ya gama yi maka aski ya ce a buɗe bakin yaro ya cire naka, na ce masa a'a, kuma kowa ya ji a'ar. Shi ya sa duk cikin tsararrakinka na Limawa kai kaɗai ne mai belu, in ba ka sani ba yau ka sani.

Da hutu ya ƙare na koma ajina. In jirgi ya zo wucewa sai in yi shiru in jira shi, yara ma su huta. Da muryar nan na koyar da yaran da yanzu wasunsu suke koyarwa, da ita na yi maka faɗa, da ita na karanta maka Fatiha ranar saukarka. Duk wannan saura ƙiris a bar shi a wani ɗaki a Ikko, ba don mugunta ba, sai don leƙe ɗaya da aka yi a wuri mai duhu. Abin da ya cece ta, bayan ikon Allah, mutum uku ne da kowannensu ya yarda idonsa yana iya kuskure.

Idonka mai kyau ne, na sani, tun kana ƙarami kai kake tsinto wa Innarka allura. Kada ka yarda da shi shi kaɗai a kan abin da ba ya gyaruwa. Ka kira wani ya duba, kada ka gaya masa abin da ka gani. In ya saɓa maka kada ka ɗauke shi abokin gaba, ranar ce ya fi yi maka amfani. In kai ne ƙarami, ka faɗi naka da ladabi, amma ka faɗa. In Allah ya sa wata rana kai ne babba, ka tuna da tsohon da ya ce a gaban yaronsa, ba haka na gan shi rannan ba.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya buɗe maka karatu, ya sa hannunka ya zama na sauƙi ga bayinsa. Allah ya kare ka daga girman kai da gaggawa, ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Ka riƙe salla, ka riƙa cin abinci a kan lokaci, in mura ta kama ka kada ka sha barkono da kanwa. Innarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka.

Tun ranar sunan nan bakina bai sake kama sunanka ba, Abba nake cewa kamar kowa. Amma na yi niyya gobe, in jirgi ya fara motsi, zan sake faɗinsa sau ɗaya. Ba zan yi ihu ba, an hana ni, ba kuma zan yi raɗa ba. Mai yiwuwa hucin jirgi ya danne shi, ka ga dai bakina ya motsa. In ba ka ji ba, to ga abin da na ce: Allah ya kiyaye, Haruna.

Ni ne mahaifinka,
Malam Salihu.